Tarihin Ma'aunin Ingancin Makarantar Sakandare a Yola da Tasirinsa a Kan Harsunan Gida

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi magidanci a Yola ko Jimeta, ko a wata unguwa ta gefen gari kamar Mbamba, wace makarantar sakandare ce mai kyau, galibi amsar da zai bayar guda ce, wato wadda ɗalibanta suke samun kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. Haka jami'in ma'aikatar ilimi zai amsa, haka kuma mai makarantar kuɗi zai rubuta a allon tallarsa. Wannan amsa ta zauna a zukatan jama'a har ta zama kamar ba a taɓa auna makaranta da wani abu daban ba. Alhali kuwa an yi amfani da wasu ma'aunai kafin ita, kuma kowannensu yana da abin da ya ɗaukaka da abin da ya yi watsi da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka riƙa auna ingancin makarantar gaba da firamare a Yola, tun daga zamanin da ba a san boko ba har zuwa shekarar 2025. Za a ɗauki tsohuwar makarantar lardi ta Yola, wadda yanzu ake kira Kwalejin Janar Murtala Muhammed, a matsayin misali, domin ta ratsa dukkan matakan da za a tattauna. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne cewa ma'aunin ya yi ta ƙuntata daga mataki zuwa mataki har ya koma adadi guda, kuma a kowane mataki shi ne yake yanke hukuncin harshen da zai rayu a cikin aji. Wannan ne dalilin da ya sa batun ya shafi manazarta harshe kai tsaye.

Abin nufi da ma'auni a nan shi ne duk wata hanya da hukuma ko al'umma ta amince da ita wajen cewa wannan makaranta ta yi aikinta, waccan kuwa ta gaza.

2.0 Ma'aunin Ilimi a Fombina Kafin Zuwan Turawa

Daular Fombina, wadda daga baya aka fi sani da Adamawa, malami ne ya kafa ta. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wajen shekarar 1809, ya zauna a Gurin da Ribaɗu, sannan ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Kalmar "modibbo" ita kanta a Fulfulde tana nufin malami masani, kuma da wannan laƙabi na ilimi tarihi ya riƙe shi. A bayansa Yola ta jawo malamai daga ƙasar Hausa da Barno, irin su Modibbo Raji, waɗanda suka buɗe zaurukan karatu na fiƙihu da nahawu da tafsiri.

A wannan tsari, matakin da ya yi daidai da sakandare shi ne karatun littattafai bayan saukar Alƙur'ani. Ɗalibi yakan zauna gaban malami ya biya littafi daga farko har ƙarshe, malamin yana fassara masa yana warware masa ma'ana. Idan malamin ya gamsu sai ya ba shi izinin karantar da littafin, wato ijaza, tare da jerin malaman da aka karɓo shi daga gare su. Bayan wannan kuma akwai jarrabawar jama'a, domin su ne za su kawo masa rabon gado da matsalar aure da ta ciniki, su ga ko zai iya warwarewa.

Akwai abubuwa biyu da suka kamata a lura da su. Na farko, mutum ake aunawa, kuma mai aunawar ya zauna da shi shekaru ya san halinsa. Darajar zaure tana tafiya ne da darajar malaminsa da ta ɗaliban da ya yaye. Na biyu, ko da yake littattafan na Larabci ne, da Fulfulde ko Hausa ake bayani, kuma ɗalibin da bai iya mayar da nassi cikin harshen jama'arsa ba, ba a ɗaukarsa ya fahimta. Wannan ne ya haifar da ɗimbin waƙoƙin wa'azi da na fiƙihu cikin ajamin Fulfulde. Sai dai tsarin yana da nasa rauni, domin ba shi da mizani guda da za a kwatanta zaure da zaure, kuma suna da nasaba sukan yi tasiri wajen wanda za a ɗaukaka.

3.0 Zamanin Sufeto da Makarantar Midil

Sojojin Ingila sun ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Ilimin boko na gwamnati a Arewa ya fara ne da makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, daga nan aka riƙa buɗe makarantun lardi da kuɗin baitulmalin En'e. Makarantar Yola tana ƙirga tarihinta ne daga shekarar 1920.

Turawa sun zo da nasu tarihin auna makaranta. A Ingila, dokar 1862 ta ɗora tallafin gwamnati a kan yawan yaran da suka ci gwajin sufeto a karatu da rubutu da lissafi. An kawo irin wannan tsari Legas da dokar ilimi ta 1882. Illar da aka gani ita ce malamai sun koma koyar da hadda domin ranar zuwan sufeto kurum, har Ingila ta yi watsi da tsarin kafin ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka da Gwamna Lugga ya fito da dokar ilimi ta 1916, sai ya rarraba makin da sufeto zai ba makarantar da ke neman tallafi kamar haka: kashi 30 cikin ɗari na ladabi da tsari da tarbiyya, kashi 20 na isar malamai da ƙwarewarsu, kashi 40 na sakamakon gwaje-gwaje da ci gaban ɗalibai, kashi 10 na gine-gine da kayan aiki da tsafta. Wannan rabo ya fi shafar makarantun mishan, amma yana nuna yadda hukuma take kallon inganci a lokacin. Jarrabawa ba ta kai rabin maki ba, kuma dole sufeto ya taka ƙafarsa ya shiga makarantar kafin ya yanke hukunci.

Ta fuskar harshe, wannan zamani ya fara da alamar alheri ga Fulfulde. Kyaftin F. W. Taylor, jami'in ilimi da ya yi aiki a Yola, ya buga nahawun Fulfulden Adamawa a 1921 tare da littattafan koyon karatu cikin harshen, sannan ya fitar da ƙamusun Fulfulde zuwa Ingilishi a 1932. Haka kuma R. M. East, wanda manazarta Hausa suka fi sani da aikinsa a Hukumar Fassara da ta Talifi a Zariya, ya tattara labaran tarihin Adamawa cikin Fulfulde aka buga su a tsakiyar shekarun 1930. Ke nan Fulfulde ta shiga rubutun boko da wuri, ba ta yi nisa a bayan Hausa ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne matakalar da aka gina a saman elementare. An buɗe Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, kuma da Ingilishi ake koyarwa a cikinta. Da E. R. J. Hussey ya zama Daraktan Ilimi na Nijeriya baki ɗaya a 1929, sai ya tsara makarantu hawa uku, wato elementare da midil da babbar kwaleji. Makarantar lardi ta Yola ta zama Midil, mai aji huɗu, inda yaro yake barin harshen gida ya koma Ingilishi. Daga nan aka samu sababbin hanyoyi biyu na auna ta: yawan waɗanda suka fita da takardar Midil Huɗu suka samu aikin En'e, da yawan waɗanda suka samu gurbi a Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949.

Guraben kwalejin kaɗan ne ƙwarai, saboda haka kowane yaro da lardi ya tura abin alfahari ne. Muhammadu Ribaɗu ya koyar a Yola, daga baya ya zama Ministan Tsaro har rasuwarsa a 1965. Ahmed Joda ya bi ta Midil ta Yola ya shiga Kwalejin Kaduna a 1945, ya zo ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Lamiɗo Aliyu Musɗafa, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 2010, shi ma a Midil ta Yola ya yi karatu. Irin waɗannan sunaye su ne jama'a suka riƙa ambata idan ana maganar darajar makarantar, wato dai tsohon ma'aunin nan na duba wanda aka yaye bai mutu ba. Sai dai ƙofar shiga wannan jeri ta zama Ingilishi. Littattafan Taylor sun tsaya a ƙananan azuzuwa, domin babu wata jarrabawa a sama da take tambayar abin da ke cikinsu. Hausa kuwa ta samu gata daga wata fuskar, saboda mafi yawan abin da Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA suka buga da ita aka buga shi, kuma ita ce harshen kasuwa a Jimeta, inda Fulani da Bata da Vere da Bachama da Chamba da baƙi 'yan kasuwa suke haɗuwa a bakin Binuwai.

4.0 Zamanin Satifiket

A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaga makarantun midil zuwa makarantun sakandare na lardi, ta Yola ta zama Sakandaren Lardin Adamawa. Wannan ya zo daidai da kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a 1952, bisa shawarar rahoton Dokta G. B. Jeffery na 1950. Hukumar ta gaji jarrabawar satifiket ta Jami'ar Kembirij da dukkan ƙa'idojinta.

Wajibi ne a fahimci yadda wannan satifiket yake aiki, domin shi ne tushen abin da ake ciki a yau. Takarda ce ta dunƙule, wadda sai ɗalibi ya ci adadin darussan da aka ƙayyade a zama guda kafin a ba shi. Ana ba kowane darasi maki daga 1 zuwa 9, inda 1 zuwa 6 suke kiredit, 7 da 8 tsira da ƙyar, 9 kuwa faɗuwa. Sai a haɗa makin darussa shida da ɗalibi ya fi ƙoƙari a cikinsu a sanya shi a daraja ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku. Bisa ƙa'idar da aka gada daga Kembirij, wanda ya faɗi Ingilishi ba shi da cikakken satifiket, komai ƙoƙarinsa a sauran darussa. Yawan masu faɗuwa ta wannan ƙofa yana cikin abin da ya sa WAEC ta ɗora wa D. W. Grieve binciken yadda ake jarraba Ingilishi, ya miƙa rahotonsa a 1964.

Wannan tsari ya kawo abin da zauren modibbo da rahoton sufeto suka rasa, wato mizani guda. A karo na farko an iya ɗora sakamakon Yola kusa da na Keffi ko Zariya ko Legas a kwatanta. Yaro daga Mayo Belwa ko Jada ya samu takardar da za a karɓa a ko'ina ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Murtala Nyako ya fara karatun sakandare a makarantar a 1958, ya shiga rundunar sojan ruwa a 1963, ya kai ga shugabancinta. Atiku Abubakar ya shiga a 1960 ya fita a 1965 da satifiket mai daraja ta uku, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Misalin na biyu yana tunatar da mu cewa darajar satifiket tana bayyana abin da aka rubuta a makonnin jarrabawa ne, ba ta iya hango abin da makaranta ta dasa a cikin mutum gaba ɗaya.

Akwai wani abu kuma da adadin masu cin jarrabawa yake ɓoyewa. Sakandaren lardi guda ce ga dukkan makarantun En'e na lardi mai faɗin gaske, kuma ta kwana ce. Kafin yaro ya shiga an riga an tace shi sau biyu ko uku. Idan irin wannan makaranta ta fitar da sakamako mai kyau, wani kaso na yabon na malamanta ne, wani kason kuma na rariyar da aka tace ɗalibanta da ita ne. Ba a damu da bambance waɗannan biyu ba a lokacin, domin makarantun da ake kwatantawa duk irin wannan tata suke yi. Matsalar ta bayyana ne da aka buɗe ƙofa ga kowa.

Dangane da harshe, satifiket ya raba Hausa da Fulfulde rabuwa mai nisa. Hausa ta samu takardar jarrabawa, saboda haka ta samu gurbi a jadawalin darussa da littattafan da aka wajabta karantawa da malamai masu albashi. Fulfulde ba ta samu ba, duk da cewa taron UNESCO na Bamako a 1966 ya daidaita ƙa'idojin rubutun harsunan biyu a zama guda. A makarantun kwana na Arewa kuwa, ya zama ruwan dare a hukunta ɗalibin da aka ji yana magana da harshen gida, domin kowane shugaban makaranta ya san cewa da sakamakon Ingilishi za a auna shi.

5.0 Faɗaɗa Makarantu da Manufar Ilimi ta 1977

Daga 1967 Yola ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 ta zama babban birnin Jihar Gongola, a ranar 27 ga Agusta 1991 kuma ta zama ta Jihar Adamawa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 aka sanya wa tsohuwar makarantar lardi sunansa. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda ya tura ɗimbin yara ƙofar sakandare a farkon shekarun 1980. Gwamnati ta karɓi makarantun mishan, ta kuma buɗe makarantun jeka-ka-dawo masu yawa, waɗanda suke ɗaukar yaran unguwa ba tare da tsohuwar tatar nan ba.

Masu tsara ilimi sun lura da cewa jarrabawa guda a ƙarshen shekaru biyar ba ta isa ba. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981. Manufar ta kawo tsarin 6-3-3-4, da aka fara aiwatarwa a 1982, ta kuma tanadi cewa gwajin da malami yake yi a kai a kai zai shiga cikin sakamakon ƙarshe. An kafa sashen sufetocin tarayya a 1973, sannan Doka ta 16 ta 1985 ta ba gwamnati ikon ƙayyade mafi ƙarancin abin da makaranta za ta mallaka. Ministan Ilimi na wancan lokaci daga 1985 zuwa 1989, Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song ne ta ƙasar Adamawa, kuma a 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda ta buɗe wa Fulfulde wata 'yar ƙofa a matakin firamare.

A rubuce, manufar ta yi wa harsunan gida tanadi mai kyau. Ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. A ƙaramar sakandare ya koyi harshen yankinsa da ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, a babbar sakandare kuma harshen Nijeriya guda ya zama cikin darussan dole. Amma an rataya koyon harshe na biyu a kan sharaɗin samun malamai, kuma a jiha mai harsuna da yawa kamar Adamawa wannan sharaɗi ya zama mafaka. Ɗan Kilba ko Margi ko Lunguda da ke karatu a Jimeta ba shi da takardar jarrabawa a harshensa, haka ma Bafulatanin Yola, saboda haka "harshen Nijeriya" a aikace ya zama Hausa ga duk wanda ya ɗauka. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola tana horar da malaman Fulfulde, amma jarrabawar WAEC ta ƙarshen sakandare, wadda take da takardun Hausa da Ibo da Yarabanci da Edo da Efik da Ibibio, ba ta da ta Fulfulde.

6.0 Yadda Ma'auni Ya Koma Kiredit Biyar

Duk tanade-tanaden da aka ambata suna buƙatar kuɗi da ma'aikata. Sufeto yana buƙatar mota da mai, gwajin malami yana buƙatar aji mai ƙima da rajista mai aminci. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, waɗannan ne suka fara raunana. Abin da ya rage a tsaye shi ne jarrabawar waje, domin ɗalibai ne suke biyan kuɗinta. An kafa hukumar JAMB a 1978, aka fara sabuwar jarrabawar babbar sakandare a 1988, wadda ba ta da tsohon rabon daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Sharaɗin shiga jami'a, wato kiredit biyar, shi ya maye gurbinsa. An kafa hukumar NECO a 1999, ta shirya jarrabawarta ta farko a 2000, ita ma da wannan adadi take bayyana sakamako.

Idan aka ɗora rayuwar yaro da sunan makaranta a kan adadi guda, dole a samu masu neman adadin ta kowace hanya. Fitar takardun jarrabawa a 1977 ya kai ga kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Sogbetun. Dokar soja ta 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, aka sake wata dokar a 1999. Tsananin hukuncin bai kawar da dalilin laifin ba. Illar da Ingila ta gani bayan dokar 1862 ita ce ta dawo da sabon kama, wato koyarwa domin ranar gwaji kurum.

Wannan ma'auni kuma ba ya yi wa makarantu adalci. Makarantar kuɗi ko ta tarayya da take zaɓen ɗalibanta ba daidai take da ta jeka-ka-dawo a mazaɓa kamar Mbamba ta ƙaramar hukumar Yola ta Kudu ba, wadda dole ta karɓi duk wanda ya zo. Bayan da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira sun kwararo Yola, yaransu da dama sun yi watanni ba karatu. Makarantar da ta karɓi irin waɗannan yara ta kai su ga iya karatu da rubutu da samun kiredit uku ta yi aiki babba, amma a jadawalin kiredit biyar a ƙasa za a same ta. Ingila, wadda ta fara buga jadawalin sakamakon makarantu a 1992, ta koma a 2016 tana auna sakandare da nisan da ɗalibi ya yi daga inda ya shigo zuwa inda ya fita.

Harsunan gida sun ƙara ja baya a wannan mataki. Sabuwar manhajar babbar sakandare da aka fara a 2011 ta cire harshen Nijeriya daga darussan dole ta mayar da shi na zaɓi. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman fannonin adabi da fasaha a manyan makarantu, amma a jami'o'i na Ingilishi yana nan ga kowa. Ƙa'idar Kembirij ke nan ta ci gaba da aiki fiye da shekara sittin bayan samun mulkin kai.

7.0 Darasin Shekarar 2025

Abubuwa biyu da suka faru a 2025 sun fito da haɗarin dogaro da adadi guda. A farkon watan Agusta WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari na ɗalibai ne suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen makin takardar zaɓi-amsa ta Ingilishi, ta gyara adadin ya koma kashi 62.96. A tsakanin sanarwar farko da ta biyu babu malamin da ya ƙara koyar da komai, amma hukuncin da aka yanke wa makarantun ƙasa ya motsa da fiye da kashi 24, saboda takarda guda ta harshe guda.

Na biyu, a watan Nuwamba Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. Hujjar da aka bayar ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Tarihin da aka bi a wannan maƙala ya nuna raunin wannan hujja. Jarrabawar da aka kafa hujja da ita da Ingilishi ake rubuta ta, kuma cin Ingilishi sharaɗi ne a cikin adadin da ake ƙirgawa. Ɗaliban da suka zauna mata a 2025 sun bar firamare tun kafin a amince da manufar 2022. Bugu da ƙari, malamin da yake juya darasi zuwa Hausa a baki saboda ɗalibansa ba su gane ba, ba tare da littafi ko horo ko jarrabawa a harshen ba, ba za a ce yana aiwatar da koyarwa da harshen uwa ba. Gwajin da aka yi bisa tsari shi ne na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida tare da ƙwararren malamin Ingilishi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishin.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga matakai huɗu. Zauren modibbo ya auna mutum, da harshen jama'a, amma ba shi da mizani na bai ɗaya. Dokar 1916 ta rarraba maki tsakanin tarbiyya da malamai da gwaji da muhalli, sai matakalar Midil da Kwalejin Katsina ta mayar da Ingilishi mabuɗi. Satifiket ya kawo mizani guda tare da ɓoye tatar da ake yi wa ɗalibai. Kiredit biyar kuwa ya rage shi kaɗai bayan da sauran ma'aunai suka raunana. Fulfulde, wadda ta samu nahawu da littattafan karatu a Yola tun 1921, har yanzu ba ta da takarda a jarrabawar WAEC ta ƙarshen sakandare. Hausa ta tsira ne saboda tana da takarda, kuma tun 2011 tsirarta ta dogara ga zaɓin ɗalibi.

Saboda haka aikin da ke gaban manazarta harshe bai tsaya ga rubuta nahawu da ƙamus da ƙirƙirar kalmomi ba, domin Taylor ya yi wannan tun shekara ɗari da suka wuce. Akwai buƙatar sassan harsuna na jami'o'i da kwalejojin ilimi su shirya manhaja da samfurin tambayoyi da jerin littattafan Fulfulde na babbar sakandare, su gabatar wa hukumomin jarrabawa tare da goyon bayan jihohin da abin ya shafa. Akwai buƙatar ma'aikatar ilimi ta jiha ta riƙa gwada ɗalibai a makon da suka shiga aji ɗaya, cikin Ingilishi da harshen da suka fi ji, domin a samu abin da za a kwatanta sakamakonsu na ƙarshe da shi. Haka kuma ya kamata rahoton jami'an duba makarantu ya ƙunshi bayanin harsunan da ɗalibai suka zo da su da wanda malami yake bayani da shi a zahiri. Ta haka ne za a samu hujjar da za a iya yanke hukunci da ita a kan makarantun Yola da kuma harsunan da ake magana da su a cikinsu.